Richard Wright a Faris: 'Yancin Baƙo da Iyakarsa

An haifi Richard Wright a shekarar 1908 a jihar Misisifi ta Amurka, inda dokokin wariyar launin fata suka danne baƙar fata. Littattafansa Native Son na 1940 da Black Boy na 1945 sun ɗaukaka sunansa, amma shahara ba ta raba shi da wulaƙanci ba. Wannan ya sa ya ƙaura da iyalinsa zuwa Faris a 1947.

A can ya samu karɓuwa wurin masana irin su Jean-Paul Sartre, ya tallafa wa mujallar Présence Africaine ta Alioune Diop, ya kuma gabatar da jawabi a taron marubuta baƙar fata na Sorbonne a 1956.

Sai dai zaman baƙo yana da sharaɗi. Marubucin da ya soki mulkin mallakar Ingila bayan ya ziyarci ƙasar Gana ta yanzu a 1953, shi ne ya kame bakinsa a bainar jama'a game da yaƙin da Faransa ke yi a Aljeriya, don gudun kada a kore shi. Ya rasu a Faris a 1960, shekara biyu kafin Aljeriya ta sami 'yancin kai.