Ɗantunku, Sarkin Kazaure na farko

Mu da muka tashi a ƙasar Kazaure mun saba jin sunan Ɗantunku a bakin maroƙa, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san yadda sarautarsa ta kafu. Sunansa Ibrahim, Bafulatani ne daga zuriyar Yarimawa, yana zaune a Dambatta lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804.

Da jihadi ya iso ƙasar Kano, Ɗantunku ya tsaya tare da jama'ar Shehu. Babban aikinsa shi ne tsare arewa, inda ya hana rundunonin Katsina da Daura haɗuwa da ta Sarkin Kano Alwali. Wannan ya sauƙaƙa wa masu jihadi ƙwarai, har Alwali ya sha kaye a Ɗanyaya, birni ya koma hannun Malam Sulaimanu.

Jarrabawar ta zo ne bayan nasara. Shehu ya rasu a 1817, Sulaimanu ya bi shi a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo. Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, domin yana ganin abin da ya yi a jihadi ya isa a bar masa ƙasarsa. Aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa tsakanin mutanen da jiya suke sahu ɗaya. Baturen nan Kilafaton, da ya ratsa ƙasar Kano a 1824, ya ga garuruwan da yaƙin ya mayar kufai. Dabo ya karɓe Dambatta, Ɗantunku ya ja da baya cikin duwatsun Kazaure ya kafa mazauni.

A nan ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba don mu 'yan ƙasa ne. Ɗaukar makami a kan shugaban da aka naɗa abu ne da malamai suka tsananta a kansa, kuma jinin da ya zuba na Musulmi ne, galibi talakawan da babu ruwansu da rabon tuta. Sai dai Suratul Hujurati ta gabatar da sulhu yayin da ɓangarori biyu na muminai suka yi faɗa, kuma shi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓa. Bai tilasta wa Ɗantunku komawa ƙarƙashin Kano ba. Ya amince Kazaure ta zama masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye, Dambatta kuwa ta zauna a hannun Kano. Kowa ya rasa wani abu, takubba suka koma kube.

Ɗantunku bai daɗe yana cin moriyar wannan sulhu ba, ya rasu a 1824, Allah ya jiƙansa ya yafe masa. Ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi mulki har 1857, ya faɗaɗa ƙasar. Masarautar a yau ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon.