Nicholas Saunderson: Makahon da Ya Hau Kujerar Newton

An haifi Nicholas Saunderson a watan Janairun 1682 a ƙauyen Thurlstone da ke arewacin Ingila. Yana ɗan shekara guda cutar agana ta cinye masa idanu, don haka ya tashi ba ya ganin siffar harafi ko ta lamba. Mahaifinsa ma'aikacin haraji ne. A makarantar Penistone yaron ya naƙalci Latin da Girkanci da ka, ana karanta masa yana riƙewa.

A 1707 ya isa Kambirij, ba da sunan ɗalibi ba, domin ba shi da halin biyan kuɗin karatu. Kwalejin Christ's ta ba shi masauki, farfesan lissafi na lokacin, William Whiston, ya yarje masa ya tara ɗalibai. Cikin darussan da ya shahara da su har da ilimin haske da launuka na Isaac Newton, abin da shi kansa bai san kamanninsa ba. Da aka kori Whiston a 1710 kan saɓanin aƙida, Sarauniya Anne ta ba da umarnin a ba Saunderson digiri na biyu, kuma a 1711 ya gaji kujerar da Newton ya taɓa zama a kai.

Abin da ya fi cancantar nazari a rayuwarsa shi ne allon da ya ƙera wa kansa. Rubutun lissafi ba kamar zube ba ne da ake bi daga farkon layi zuwa ƙarshensa; ma'anarsa tana rataye ne da muhalli. Biyun da ke gefen uku daban take da biyun da aka ɗora a kafaɗar uku, haka lambar da ke saman layi ba ta daidai da wadda ke ƙasansa. Kunne ba ya riƙe wannan tsari idan lissafi ya yi tsawo. Sai Saunderson ya rarraba allo gida-gida, kowane gida da huda tara. Fil mai babban kai shi kaɗai a tsakiya sifiri ne, mai ƙaramin kai a tsakiya ɗaya ne, sauran lambobin kuwa ana gane su daga hudar da ƙaramin fil ya zauna a kewayen babban. Da haka yake jera lambobi sahu-sahu, ya tara, ya raba, ya koma baya da yatsa ya gano inda ya yi kuskure. Siffofi kuma yakan zana su da zaren da ya ɗaure tsakanin filolin.

Wannan matsala ta muhalli ba ta kau ba da zuwan kwamfuta. Idan aka liƙa lissafi cikin takarda a matsayin hoto, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta samun abin furtawa. Tsarin Nemeth na rubutun makafi, wanda ya fito a 1952, da tsarin MathML na 1998, duk ƙoƙarinsu ɗaya ne da na allon: a bayyana wace lamba ce a sama, wace ce a ƙasa, ta yadda mai karatu zai iya shiga cikin lissafin ya zagaya da kansa. Abin takaici, har yau ana ta wallafa maƙalu da lissafinsu a hoto.

Saunderson ya yi aure a 1723, ya rasu ranar 19 ga Afrilun 1739, aka binne shi a Boxworth. Littafinsa na aljabara ya fito a 1740 ɗauke da bayanin allon. Shekara tara bayan haka, marubucin Faransa Denis Diderot ya sa shi cikin wasiƙarsa game da makafi, ya kuma ɗora masa kalaman shakkar addini a gadon mutuwa waɗanda Diderot ɗin ne ya ƙaga su. Wasiƙar ta jawo wa marubucin zaman kurkuku a Vincennes.