Tarihin Rene Awi, Ɗan Masaƙin Da Ya Gano Sirrin Ginin Duwatsu

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani malami Bafaranshe wanda ya shafe shekaru arba'in yana nazarin siffa guda ɗaya tak. Faransawa suna rubuta sunansa Haüy, amma a baki Awi suke cewa.

An haifi Rene Awi ran 28 ga Fabrairu, 1743, a wani ƙaramin gari a arewa da birnin Faris. Ubansa masaƙi ne, talaka. Muryarsa ce ta fara buɗe masa ƙofa, don kuwa ya shiga cikin yara masu waƙa a majami'a a Faris, daga nan ya sami gurbin karatu kyauta. A 1770 aka naɗa shi fada na ɗariƙar Katolika, ya kuma yi shekaru masu yawa yana koya wa yara Latin. Sai da ya wuce shekara talatin sannan ya fara zuwa sauraren laccocin ilmin ma'adinai.

Akwai duwatsun da ke fitowa daga ƙasa da fuskoki sumul da kusurwoyi, kamar an fere su da wuƙa. Masana suna kiransu kiristal. Ƙwayar gishiri ma tana cikinsu. Abin da ya dami malaman wancan zamani shi ne dutse iri ɗaya yakan fito da siffofi barkatai, wani kamar allura, wani kamar haƙorin kare, wani kamar ginshiƙi, ba a san abin da ya haɗa su ba.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne wata rana Awi yana duba wani dutse mai suna kalsait a gidan abokinsa, sai ya suɓuce masa ya fashe. Kalsait shi ne ainihin abin da ke cikin dutsen da ake haƙowa a Ewekoro da Sakkwato don yin siminti. Da ya dubi ɓarɓashin sai ya ga siffa mai tsari. Ya koma gida ya riƙa farfasa nasa duwatsun, kuma ko yaya siffar kalsait take a waje, siffa ɗaya yake tararwa a ciki.

To, wace siffa ce wannan? Mai karatu ya ɗauki kwalin ashana, ya zare cikin, ya ɗan danna shi ta gefe har ya karkace. Har yanzu fuskokinsa 6 ne, kusurwoyinsa 8, gefunansa 12. Kowace fuska tana da gefe huɗu, kowane biyu masu kallon juna tsawonsu ɗaya, kuma ko an ja su har abada ba za su haɗu ba. Kowace fuska tana da tagwaiyarta a ɗaya ɓangaren. Bulo da sukari mai iyali duk 'yan wannan gida ne, sai dai su a miƙe suke. Na kalsait a karkace yake ta kowane ɓangare.

Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Uklidis na Iskandariyya ya yi bayanin wannan siffa a kashi na 11 na littafinsa na ilmin awo. Ya nuna cewa in biyu daga cikinsu suna da gindi ɗaya da tsayi ɗaya, to abin da suka ƙunsa ɗaya ne, ko da ɗaya ya karkace. Jera katin karta ka ture shi gefe, ai ko ɗaya bai ragu ba. Wata baiwar siffar ita ce in ka jera irinta da yawa za su cike wuri ba tare da barin kafa ba.

A nan Awi ya kafa hujjarsa. Ya ce ƙananan bulo ne masu siffa ɗaya, waɗanda ido ba ya gani, suka jeru suka yi dutsen. In an tambaya ta yaya bulo zai ba da fuska mai gangare, dalar gyaɗar da ake yi a Kano a da ta isa misali. Kowane hawa na buhuna yana ja da baya kaɗan daga na ƙasa da shi, amma daga nesa sai ka ga gefen dala sumul. Haka kiristal yake: in kowane hawa ya ragu da layi ɗaya, gangaren daban, in da layi biyu ne, daban. Da wannan lissafi yakan faɗi kusurwar da fuska za ta yi, a auna a tarar ta yi kusa ƙwarai. Ya shiga majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1783, ya buga littafinsa na farko a kan batun a 1784.

Ana cikin haka juyin juya hali ya ɓarke a 1789. Sabuwar gwamnati ta ce dole limaman Kirista su yi rantsuwar biyayya ga dokar da ta sa majami'a a ƙarƙashinta. Awi ya ƙi. A watan Agusta na 1792 aka kama shi aka tsare tare da waɗansu limamai. Wani matashi da ya taɓa zama ɗalibinsa, Jofaruwa Santilar, ya yi ta kai gwauro yana kai mari wurin manyan masana har aka sake shi. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Satumba, 'yan tarzoma suka afka wa gidajen kurkukun Faris suka kashe fursunoni fiye da 1,000, har da limaman da ya bari a inda aka tsare shi.

Duk da haka bai ƙi yi wa ƙasarsa aiki ba. A 1793 shi da shahararren masanin nan Labuwaziye suka auna nauyin ruwa, aikin da ya share fagen kilo ɗin da mahauta da 'yan kasuwa ke awo da shi yau daga Legas har Fatakwal. Labuwaziye bai tsira ba, an fille masa kai a 1794. Awi kuwa ya buga babban littafinsa na ilmin ma'adinai a 1801, ya zama farfesa a gidan tarihin halittu na Faris a 1802.

Amma tsayuwa a kan magana ɗaya, wadda ta ɗaukaka shi a 1792, ita ce ta zame masa cikas da ya tsufa. Lissafinsa ya ba shi cewa kusurwar kalsait digiri 104 da kusan rabi ce. A 1809 wani Bature ɗan Ingila, Wolaston, ya ƙera ma'auni mai aiki da haske wanda ya fi na da daidaito, da shi aka sami digiri 105 da ɗan ɗoriya. Bambancin bai kai digiri ɗaya ba, amma ya isa ya nuna akwai gyara. Awi ya ƙi karɓa, ya riƙe lissafinsa har ƙarshen ransa.

Ya rasu a watan Yuni na 1822, yana da shekara 79, bayan ya faɗi a ɗakinsa ya karye. Bai bar dukiya ba. Ƙanensa Balantin, wanda ya kafa makarantar makafi ta Faris inda Luwi Barel mai rubutun makafi ya yi karatu, ya riga shi da 'yan watanni.

Gaskiyar maganarsa ta fito sarai shekara 90 bayan mutuwarsa. A 1912 aka haska kiristal da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, aka tabbatar ƙwayoyin cikinsa a jere suke bisa tsari mai maimaituwa. Ba bulo ne tsantsa ba kamar yadda ya zata, amma har yau ɗan akwatin da masana ke zanawa don nuna wannan tsari shi ne mai fuskoki shida ɗin nan. Sunan ɗan masaƙin yana cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Ifel ta Faris.