Alhassan Ɗantata: falken da bai tsaya jiran tsohuwar hanya ba

Da yawa cikin yaran da nake koyarwa a nan Damagaram iyayensu ƙananan ƴan kasuwa ne: mai tebur, mai shago, mai ɗauko kaya daga Kano. In an rufe iyaka, ko canjin naira da sefa ya rikice, a aji nake fara ganin abin, don yaro zai zo lakwal ba kuɗin kalaci, wani ma a cire shi a kai shi tsaron shago. Shi ya sa yau na ɗauko tarihin wani ɗan kasuwa da ya fara da ƙaramin jari, kasuwa ta juya masa ba sau ɗaya ba, kuma duk juyin da ta yi ta same shi a tsaye. Wannan mutum shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano.

An haife shi a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877. Danginsa Agalawa ne, fataken da ake danganta asalinsu da ƙasar Abzin, waɗanda suka yi suna wajen fataucin goro. Mahaifinsa Abdullahi falke ne, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai abin hannu. Yana da wajen shekara 8 mahaifin ya rasu. Uwar ta tashi ta koma Ankara, can ƙasar da ake kira Gana yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa sunan Ɗantata ya fito. Ita ta rene shi, ita kuma ta koya masa ajiya a asusu. Yana karatun allo yana ɗan saye da sayarwa, abin da ya samu ya ci kaɗan ya jefa saura. Ka ga jarin farko kenan.

Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Ana ba da labari cewa ya je da tsammanin zai huta a gidan uwa mai dukiya, ita kuwa sai ta miƙa shi hannun wani malami, ya ci gaba da karatu da neman na kansa. Bayan ya komo gida, yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufu. Agalawa suna ɓangaren Tukur, ɓangaren da aka ci da yaƙi. Aka kama Alhassan da ƴan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Wato tun bai kai ashirin ba ya ga maraici, ya ga kamu.

To, bari mu dubi yadda fataucin goro yake a wancan zamani. Madugu ne ke jan ayari, da jakuna da ƴan alaro, a ɗauki kanwa da tufafi da fatu daga ƙasar Hausa a nufi Gwanja, a komo da goro. Tafiya ce ta watanni, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga gaisuwar sarakunan hanya, ga ƴan fashi. Goro kuma ba ya son wasa: sai an naɗe shi da ganye, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Kowace rana da aka ƙara a hanya asara ce.

Nan ne Alhassan ya fara nuna bambancinsa. Turawa sun shimfiɗa layin dogo daga Ikko zuwa Badun a 1901, wani kuma daga Sekondi, bakin teku, zuwa Kumasi a 1903. Jiragen ruwa suna kai da kawowa tsakanin Ikko da Ankara da Sekondi. Ya duba ya ga goron da ake sha wa wahalar watanni a bayan jaki zai iya bin jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan ya yi arewa. Yana cikin Hausawan farko da suka kama wannan hanya. Ba goro kaɗai ya tsaya a kai ba, yana haɗawa da duwatsun wuya da yadin Turawa. Kuɗin da a da yake juyawa sau ɗaya a shekara, yanzu yana juya shi sau da yawa. Wasu fatake sun ƙi, suna ganin hanyar kakanni ba ta tsufa. Hausawa kuwa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Juyi na biyu ya fi girma, kuma ya taɓa mu nan kai tsaye. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Kayan da a da raƙuma ke ketarowa da su ta Sahara, daga Tarabulus su bi Agadas da Damagaram su sauka Kano, yanzu sun fi araha ta teku da jirgi. Cikin ƴan shekaru wannan tsohon fatauci ya durƙushe, manyan gidajen da suka dogara da shi suka ji jiki. Turawan Ingila sun sa rai auduga jirgin zai riƙa kwasa. Manoman Kano suka yi nasu lissafi: gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in ba ta sayu ba a ci ta a gida. Sai suka raja'a kan gyaɗa. Daga baya manomanmu na Magarya, Matamaye, Tasawa da Maraɗi su ma suka shiga, gyaɗarsu na gangarawa Kano a bayan raƙuma da jakuna don ta hau jirgi.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Fataken goro su suka san wannan. A 1918 kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Yaran gidansa da ya horar a fataucin goro su ya watsa kasuwannin ƙauye. Yakan ba su jari tun kafin kaka, su kuma su ba manoma, in an ɓare gyaɗa a kawo masa. Ba a daɗe ba ya wuce attajiran da suka riga shi, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Wajen 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Kano. Dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna, dubban buhuna jere suna jiran jirgi, da sunansa ake haɗa ta.

Kuɗin kansa ma ya canza a hannunsa. Ya tashi a zamanin wuri, ya girma ya ga sulallan azurfa na Turawa sun kore shi. Mutane da yawa binne nasu suke a tukunya, ba su yarda da ajiyar Nasara ba. A 1929 Alhassan ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi 20 reshen bankin British West Africa na Kano. A wannan shekara ce kuma kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo. Shi bai faɗi ba, don bai taɓa sakin goro da shanu da yadi ba, kuma yana da ajiya. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da tsimi da rashin almubazzaranci, duk da yawan abin da Allah ya ba shi. Tarbiyyar Tata ba ta bar shi ba.

Gaskiya dai, kada mu mai da tarihin nan tatsuniya. Alhassan ya taso cikin dangin fatake masu masauki da amintattu tun daga Kano har Kumasi, abin da ba kowane mai tebur ke da shi ba. Bashin kafin kaka kuma yana da nasa ciwo, don manomin da damina ta ƙi masa yakan kwana cikin bashi, kuma farashin can Turai ake yanka shi. Gyaɗar ma ba ta dawwama ba. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin Najeriya, suka share dalar nan daga Kano, mu ma namu noman gyaɗar ya ja baya.

Shi bai ga wannan ba. Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta 1955, aka rufe shi a gidansa na unguwar Sarari. Kafin rasuwarsa ya hori ƴaƴansa su riƙe zumunci, kada su wargaza kasuwancin, aka ci gaba da shi da sunan Alhassan Dantata and Sons. Ƴaƴansa irin su Sanusi da Aminu suka faɗaɗa zuwa sufuri da gine-gine da wasu harkoki, shi ya sa mutuwar gyaɗa ba ta kashe gidan ba. Aliko Ɗangote ma jinin gidan ne, don mahaifiyarsa Mariya ƴar Sanusi ce.

Abin da ni na tsinta a nan, ɗan'uwa mai shago, shi ne mutumin nan ya saki hanya, ya saki haja in ta daina ci, amma bai saki ajiya da amana ba. Su ne suka sa duk lokacin da sabuwar ƙofa ta buɗe yana da abin shiga da ita, yana kuma da mutanen da za su bi shi. Yau sabuwar hanyar a cikin salula take: a turo hoton kaya ta WhatsApp, a tura kuɗi ba tare da an taka mota ba. Mun ga rufe iyaka a 2019, mun sake gani a 2023, kuma wanda duk jarinsa ke kan haja ɗaya da hanya ɗaya shi ya fi shan wuya.

Roƙona ɗaya ga iyaye: in kasuwa ta yi tsanani, kada yaro ya zama abin da za a fara cirewa daga lakwal. Amarya tana da dukiya, amma da ɗanta ya iso Ankara, gaban malami ta kai shi. Yaron da ya iya karatu da lissafi shi zai riƙe maka littafin bashi gobe, shi zai gane sabuwar hanya tun kafin ta cika da mutane.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya sa albarka a kasuwanninmu. Sai wani jiƙon.