Sarki Flann Sinna Na Ailan Da Gicciyensa Na Dutse

Masu karatunmu da yawa sun san ƙasar Ailan, wadda ke yamma da Ingila, amma kaɗan ne suka ji labarin Flann Sinna, babban sarkinta tun daga shekarar 879 har ya rasu cikin 916. Ɗan sarauta ne gaba da baya, gama ubansa ma ya riƙe wannan gadon sarauta har 862.

Flann jarumi ne, ba shi kuwa da sanyin hali. Cikin 904 ɗansa Donnchad ya saɓa masa, sai sarki ya bi shi har gidan ibada na Kells, ya keta alfarmar wurin, aka sare kawunan mutane da dama. Cikin 908 ya ci yaƙin Belach Mugna, inda aka kashe Cormac, Sarkin Munster, wanda kuma bishop ne. Ko da tsufa ya zo masa bai huta ba, don 'ya'yansa biyu sun tayar masa cikin 915.

To, abin da ya sa muka ɗauko labarinsa dutse ne. A bakin kogin Shannon akwai wani tsohon gidan ruhubanawa, Clonmacnoise. Shekara guda bayan Belach Mugna, watau 909, Flann da Colmán shugaban gidan suka gina babbar majami'a ta dutse. A gabanta aka kafa gicciye, tsawonsa wajen ƙafa 13, da zobe kewaye da mahaɗarsa, irin na mutanen ƙasar. Magwani ya sassaƙa masa siffofi, kamar su kamun Almasihu da Ranar Hisabi, domin wanda bai iya karatu ba ya karanta da ido. A gabas an zana mutum biyu suna kafa turke, malami da mai takobi. Waɗansu masana sun ce Flann ne da Colmán, waɗansu sun ce magabatansu ne da suka fara gidan.

A gindinsa akwai rubutu, ruwan sama ya cinye yawancinsa. Abin da ya saura yana roƙon mai wucewa ya yi wa Flann addu'a. A ganinmu mutumin da ya zubar da jini a Kells ya san abin da ya sa yake bukatarta, ko da yake ba mu mance ba, irin wannan gini shaida ne kuma na ƙarfin mulki.

Yanzu an shigar da gicciyen cikin ɗaki saboda iska da ruwa, aka kafa kwaikwayonsa a gurbinsa, tsakanin kaburbura.