Dokta Byang Kato: Mai Tsaron Gaskiyar Maganar Allah

Akwai bayin Allah waɗanda kwanakinsu kaɗan ne, amma aikinsu ya ɗore. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dokta Byang Henry Kato, wanda aka haifa a Kwoi ta ƙasar Jaba a shekarar 1936. Tun yana yaro mahaifinsa ya keɓe shi domin ya gaji aikin tsafin gidansu. Amma Ubangiji yana da wani nufi. Yana ɗan shekara 12 ya ji bishara a makarantar mishan ta SIM, ya karɓi Yesu. Ya sha tsanani a gida saboda bangaskiyarsa, bai kuwa ja da baya ba, har daga baya iyayensa ma suka tuba.

Ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a Igbaja, sa'an nan a Landan. A 1967 ya zama Babban Magatakardan ECWA, ya riƙe aikin a kwanakin yaƙin basasa. Daga nan ya tafi Dallas ta Amurka, inda ya sami digirin dokta a fannin tauhidi. A 1973 aka zaɓe shi Babban Magatakardan ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, shi ne ɗan Afirka na farko a wannan matsayi.

A zamanin nan wasu masana suna koyar da cewa addinan gargajiya ma hanyar ceto ce, kuma a ƙarshe kowa zai tsira. Kato ya tsaya ya ƙi wannan koyarwa, musamman cikin littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975. Ba da jahilci ya yi magana ba, gama ya san tsafi daga ciki. Ya yarda cewa kakanninsa sun san akwai Mahalicci ta wurin halitta, kamar yadda Romawa sura 1 ta nuna. Sai dai wannan sani bai isa ya kawar da zunubi ba. Ceto yana cikin Almasihu kaɗai. Ya kuma nace cewa Littafi Mai Tsarki hurarriyar Maganar Allah ce marar kuskure, ita ce ma'aunin kowace al'ada, ta Bature ko ta baƙar fata. Bai raina al'adun Afirka ba: ya so a yi sujada da harsunanmu da kiɗanmu, muddin ba a taɓa saƙon ba.

Ya ga cewa ikkilisiya marar koyarwa mai zurfi ba za ta jure iska ba. Saboda haka ya yi fafutukar kafa manyan makarantun tauhidi, waɗanda aka buɗe a Bangui da Nairobi bayan rasuwarsa. Ranar 19 ga Disamba 1975 ruwa ya cinye shi kusa da Mombasa a Kenya, yana da shekara 39.

Mu da ke zaune a Bauchi, sau da yawa maƙwabta da abokan aiki sukan tambaye mu game da Triniti, da Allahntakar Yesu, da amincin Littafinmu. Tambaya ba gaba ba ce. Rayuwar Kato tana koya mana mu amsa da sani da tawali'u, ba da faɗa ba. Amma wanda bai karanta ba, me zai faɗa? Bari iyaye da fastoci su koyar da yaranmu tun da wuri. Allah ya ba mu irin wannan aminci. Amin.