Leon Battista Alberti (1404–1472): Mai Ɗaga Darajar Zane

An haifi Alberti a Jenowa ta ƙasar Italiya a 1404, yayin da danginsa ke zaman gudun hijira daga Fulorans. Ya karanci shari'a a Bolonya, sannan ya kama aiki a fadar Fafaroma. A 1435 ya wallafa De pictura da harshen Latin, inda ya ɗora zane bisa lissafi: ya kamanta allon zane da buɗaɗɗiyar taga, ya nuna yadda layuka ke haɗuwa a ɗigo guda domin nesa da kusa su bambanta. Da haka ya fitar da mai zane daga sahun 'yan ƙwadago zuwa na masana. Ya mutu a Roma a 1472. An buga littafin a Bazel a 1540, koyarwarsa kuwa ta zama ginshiƙin makarantun zane na Turai.